Awa ba ta da minti ɗari

Awa ɗaya da minti 50, a ƙara mata minti 20, nawa ke nan? Duk wanda ya saba da agogo zai ce awa biyu da minti goma, ba sai ya ɗauki alƙalami ba. To amma a miƙa wa yaron ajin CM2 kalkuleta, wadda yaranmu ke kira kalkilatiris, a ce ya yi wannan lissafi. Zai danna 1.50, ya ƙara 0.20, na'ura ta nuna masa 1.70, shi kuma ya kwafe a kan takarda hankalinsa kwance: awa ɗaya da minti 70. In ka ce masa akwai gyara, sai ya ɗago na'urar ya nuna maka, wato ga shaida.

Na'urar ba ta yi ƙarya ba. Abin da aka tambaye ta shi ta amsa. Ita a saninta, duk abin da ke bayan ɗigo sai ya cika ɗari kafin ya zama ɗaya. Agogo kuwa da ya cika sittin ya juya. A tsakanin ɗari da sittin ɗin nan ne yaranmu da yawa ke faɗawa rami, har ma da manya. Shekara ashirin da ƴan kai ke nan da na fito daga makarantar horon malamai ta Dosso, na riƙe aji a ƙauyukan Tibiri da na Dogon Dutsi, kuma a duk darussan lissafi na firamare ban ga wanda ke tona asirin yaron da ya haddace bai fahimta ba kamar darasin lokaci. Shi ya sa nake so mu tattauna a kansa, mu malamai da ku iyaye, musamman yanzu da kalkuleta ta shiga aljihun kowa ta cikin salula.

Bari in ƙara misali ɗaya, wanda na fi ba yara. Mota ta tashi daga tashar Dogon Dutsi ƙarfe takwas saura kwata, wato 7h45 kamar yadda muke rubutawa a allo. Ta bi ta Kore Mairuwa, ta isa Dosso 10h10. Awa nawa aka yi a hanya? Amsa ita ce awa biyu da minti 25. Mai kalkuleta zai cire 7.45 daga 10.10, ya samu 2.65. Yaro mai ɗan wayo, wanda ya tuna an ce minti ba ya wuce 60, sai ya gyara ya rubuta awa uku da minti biyar. Ya ƙara wa tafiyar minti 40 da ba a yi su ba. Daga ina minti 40 ɗin suka fito? Lokacin da na'ura ta ga 10 ba ta isa a cire mata 45 ba, sai ta ranto ɗaya daga gidan awa, ta ɗauke shi a matsayin ɗari, alhali sittin ne. Ɗari a cire sittin, saura arba'in. Duk malamin da ya ga amsar yaro ta saɓa da minti 40 daidai, to ya san inda ciwon yake.

Wani zai ce ai wannan matsalar jarrabawa ce kawai, yaro ya rasa maki biyu ya wuce. Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi.

Mu gangara fadama. Tun da noman rani ya kankama a yankinmu, musamman dankalin turawa da Dogon Dutsi ta yi suna da shi, injin ban ruwa ya zama abin da ake haya da awa. A ce mai inji ya yanka jikka ɗaya a kowace awa. An tayar da inji 6h40, an kashe 9h10. Awa biyu da rabi ke nan, kuɗinsa sefa 2,500. Idan mai inji ya zaro salula ya cire 6.40 daga 9.10, zai ga 2.70, ya nemi 2,700. Idan kuma mai garka ne ya ƙirga da ka ya samu awa biyu da minti 30 daidai, amma ya danna 2.30 sau 1,000, zai ce 2,300 ake binsa. Aiki ɗaya, farashi uku. Babu ɓarawo a cikinsu, kowa na iya rantsuwa a kan abin da ya gani da idonsa, amma dala arba'in ta shiga tsakanin maƙwabta. In an yi ban ruwa sau 30 kafin a haƙe dankali, jikka shida ke nan. An sha ɓata zumunci a kan abin da bai kai haka ba.

Akwai wanda ya fi kuɗi nauyi. Da damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara, ɗaya daga cikin magungunan da aka fi bayarwa shi ne Coartem. Ƙa'idarsa, bayan shan farko sai a sake sha bayan awa takwas, sannan a ci gaba safe da dare har kwana biyu. Uwa ta ba yaro shan farko ƙarfe biyar da rabi na marece. Yaushe ne na biyu? Ƙarfe ɗaya da rabi na dare. A gidaje da yawa, wanda ake kira ya duba takardar likita shi ne ɗan lakwal ɗin gidan. In shi ma lissafin ya kuɓuce masa, sai a ce a bari sai da safe, maganin ya tashi daga ƙa'idarsa. Idan ina koyar da tara awoyi, wannan yaron da aka kira ya duba takarda shi nake gani a gabana.

To me ya sa tun farko aka raba awa sittin, aka bar mu da wannan wahala? Gado ne daga mutanen Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, waɗanda kusan shekara dubu huɗu da suka wuce suke ƙirga da sittin-sittin. Kuma ba wauta suka yi ba. Sittin na rabuwa daidai gida 2, 3, 4, 5, 6, 10, 12, 15, 20 da 30. Ɗari ba ta rabuwa gida uku ko shida ba tare da saura ba. Shi ya sa rabin awa, kwata, da sulusin awa duk suke faɗawa a kan cikakken minti: 30, 15, 20. Raba yini da dare awa goma sha biyu-biyu kuma ya samo asali daga tsohuwar Masar.

An taɓa gwada sauya wannan tsari. A 1793, lokacin juyin juya halin Faransa, hukuma ta kafa doka cewa kwana ɗaya awa goma ne, kowace awa minti ɗari, kowane minti daƙiƙa ɗari. Har an ƙera agogo masu lamba goma. Awa ɗaya tasu ta yi daidai da awa biyu da minti 24 tamu. Jama'a ba su karɓa ba. A ranar 7 ga Afrilu 1795 aka dakatar da tilasta shi, kuma abin sha'awa, dokar da ta dakatar da shi ita ce ta kafa awon mita da lita da giram da muke koyarwa har yau. Awon tsawo da na nauyi sun koma goma-goma, lokaci ya tsaya a kan sittin ɗinsa. Ina ba yara wannan labari domin su san cewa ba su ne suka fara jin nauyin abin ba, kuma tunda Faransawa da dokarsu ba su iya mayar da awa minti ɗari ba, kalkuleta ma ba za ta iya ba.

Yanzu ga gaskiyar da ya kamata a faɗa game da na'urar kanta. Akwai kalkuleta da ta san sittin. A Amurka akwai kamfanin Calculated Industries da ke ƙera wata ƴar hannu mai suna Time Master, aikinta ke nan: tara awoyi da mintoci da daƙiƙoƙi, cire su, da fitar da tsawon lokaci tsakanin ƙarfe kaza da ƙarfe kaza. Matuƙa jirgin sama, ma'aikatan rediyo da masu lissafin awoyin aikin ma'aikata su ne masu sayenta. Mu nan ba ma buƙatar neman ta, domin abin da take yi yana cikin kalkuletar kimiyya irin ta Casio da ƴan kwaleji da lise ke riƙewa. Akwai wani maɓalli a jikinta mai ɗauke da ƙaramin zobe da waƙafi guda da waƙafi biyu. An yi shi ne domin awon kusurwa, wanda shi ma gadon Babila ne: digiri ɗaya minti 60, minti ɗaya daƙiƙa 60. Ka danna 10, ka danna maɓallin, ka danna 10, ka sake danna shi, alamar cirewa, sannan 7, maɓalli, 45, maɓalli. Amsa za ta fito 2 da 25, daidai da tafiyarmu ta Dosso. Ka rubuta 2.5 ka danna shi, ta mayar maka 2 da 30. Na sha nuna wa ɗaliban kwaleji da suka yi shekaru da na'urar a jaka ba su san amfanin wannan maɓalli ba.

Sai dai ita ma tana da iyaka. Ba ta san tsakar dare ba. Ka ba ta lissafin maganin nan, 17h30 a ƙara awa takwas, za ta ce 25 da 30. Babu ƙarfe 25 a agogon kowa. Mutum ne zai san ya cire 24 ya samu ɗaya da rabi na dare. Ka tambaye ta tsawon barcin wanda ya kwanta 22h30 ya tashi 5h15, za ta ba ka 17 da 15 da alamar ragi a gaba, alhali amsa awa shida da minti 45 ce. Ba ta kuma san cewa in ƙarfe goma ta yi a Yamai, sha biyu ta yi a Makka, tara ta yi a Wagadugu ba. Ko na'urar da ta iya sittin, sai hannun da ya san agogo take yi wa amfani.

Wani abokin aikina yana da ra'ayi dabam, kuma ban raina hujjarsa ba. Ya ce ajinmu cike yake, lokaci kaɗan ne, yara da dama suna isa CM1 ba su iya karatu sosai ba. Me zai sa mu ƙone makonni a kan rance da ajiya na sittin, alhali idan suka girma na'ura za ta yi musu? Gara a nuna musu maɓalli a wuce. Na yarda da shi cewa dogayen lissafai, irin tara awoyi goma sha biyar a jere da daƙiƙoƙinsu, aikin na'ura ne, kuma babu ladan da ake samu don an wahalar da yaro da su. Inda muka rabu shi ne, kalkuletar da ke cikin yawancin salular da ke hannun mutanenmu ba ta da wannan maɓalli, mai ɗari ce zalla. Kuma mutumin da ba zai iya kintata amsa da ka ba, ba shi da yadda zai gane an ba shi amsar banza. Wanda ya san daga bakwai saura minti 20 zuwa tara da minti goma bai kai awa uku saura kwata ba, in aka nuna masa 2.70 zai ce a sake dubawa. Wanda bai sani ba zai zaro kuɗi ya biya.

Abin da ke ba ni ƙarfin gwiwa shi ne, yaranmu sun riga sun iya irin wannan lissafi tun kafin su zo lakwal, mu ne ba mu cika lura ba. Yarinyar da ke tallan ƙosai ta san dala ashirin ita ce sefa ɗari, dala ɗari biyu jikka ce. Kullum tana juya kuɗi daga bakin Hausa zuwa lambar da ke jikin tsaba, tana ninkawa da biyar a cikin kanta, ba ta kuskure ko dala. Yaron da ke raka ubansa kasuwa ya san tiya kusan 40 ke cika buhun hatsi, kuma in an ce buhu ɗaya da tiya 30 a ƙara tiya 20, ba zai ce buhu ɗaya da tiya hamsin ya yi shiru ba, zai ce buhu biyu da tiya goma. Wannan shi ne lissafin awa da minti, ba wani abu ba. Buhu ne awa, tiya ce minti, sai dai wannan buhun sittin yake ci. Duk ajin da na fara darasin daga buhu da tiya, kafin mako ya ƙare yawancin yara sun kama.

Ga yadda nake bi, ko wani malami zai amfana. Da farko kowane yaro ya yanka kwali ya yi agogo mai hannu biyu, ya riƙa juya shi da yatsa, domin ya gani da ido cewa dogon hannu sai ya zagaye duka kafin gajere ya matsa gida ɗaya. Agogon salula mai lambobi kawai ba ya nuna wannan zagaye. Na biyu, kafin a rubuta komai a jere a cire, muna yin abin da nake kira lissafin mai canji. Mai tebur in ka ba shi jikka ka sayi kayan 650, ba ya cirewa, ƙirgawa yake yi sama: ga hamsin ya zama ɗari bakwai, ga ɗari uku ya zama jikka. Haka za a yi da tafiyar Dosso: daga 7h45 zuwa 8h00 minti 15, daga takwas zuwa goma awa biyu, daga goma zuwa 10h10 minti goma. A haɗa: awa biyu da minti 25. Babu rance, babu ramin arba'in. Na uku, muna haddace guda huɗu kamar sunan gida: rabin awa 0.5 ne, kwata 0.25, kwata uku 0.75, minti shida 0.1. Na huɗu, a riƙa fassara tsakanin agogon takarda da na baki, domin yaron da ke jin “uku da rabi na marece” a gida, 15h30 zai gani a takardar jarrabawa da tikitin mota. Sai an gama waɗannan nake yarda a fito da kalkuleta, kuma sharaɗin shi ne ka fara faɗin abin da kake zato kafin ka danna.

Akwai darasi ɗaya da manyan yara ke so ƙwarai. Duniya na juya digiri 360 a awa 24, wato digiri 15 a awa, digiri ɗaya a minti huɗu. Dogon Dutsi tana wajen digiri 4 gabas, Yamai wajen digiri 2, Damagaram wajen digiri 9. Agogonmu ɗaya ne a duk faɗin Nijar, amma rana tana faɗuwa a Dutsi kusan minti takwas kafin Yamai, kuma a Damagaram kusan minti 20 kafin Dutsi. Alfijir ma haka. Saboda haka wanda ke Matankari ko Dumega, in ya riƙe jadawalin azumi da aka buga domin Yamai bai rage komai ba, zai iya ci gaba da sahur bayan alfijirin garinsu ya keto. Da yara suka ji wannan, sai ka ga sun gyara zama, domin sun ga lissafin ya shigo har cikin gidansu.

Mu malamai kuma akwai lissafin da ya shafe mu kai tsaye. A ce a wata makaranta ana buga ƙarfe takwas amma darasi ba ya farawa sai da kwata, sannan bayan hutun hantsi a ƙara minti goma kafin a natsu. Minti 25 ke nan a rana. A kwana biyar, minti 125, wato awa biyu da minti biyar. A mako 30, awa 62 da rabi. Idan makon aji awa 30 ne, an cinye wa yara sama da mako biyu cur, ba yajin aiki, ba ruwan sama, ba wanda ya yi fashi ko kwana ɗaya. Da yayyafi kogi kan cika. Wannan lissafi ya kamata a rubuta shi a allo ranar taron malamai na farkon shekara, a kuma karanta shi a taron iyaye, domin lattin yara ma daga gida yake tasowa: ɗiyar da aka aika rijiya da safe, da yaron da sai ya kai dabbobi bakin gari kafin ya ɗauki jaka.

Ku iyaye, ba sai kun yi boko za ku taimaka ba. Kakanninmu ba su da agogo amma sun san lokacinsu: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, almuru, lisha. Manomi na duban inuwarsa ya san lokacin sauka daga gona. Abin da zamani ya ƙaro shi ne ana biyan kuɗi da shan magani da shiga mota a kan minti, don haka dole ɗiyanmu su riƙe duka biyun. Idan Oktoba ta zo kuna sayen kayan lakwal, yaron firamare bai buƙatar kalkuleta tukuna. In da hali, agogon bango mai hannu ya fi masa amfani, a rataye shi inda kowa ke gani. Sannan a riƙa tambayarsa. Za a tafi kasuwar Tibiri, a ce ya duba lokacin fita da na dawowa ya faɗi awa nawa aka yi. An ɗora wake, ya faɗi minti nawa ya ɗauka kafin ya nuna. An kira la'asar, minti nawa ya rage almuru? Ko ba ku iya duba amsarsa a takarda ba, kun san tsawon tafiyar kasuwa da jikinku. In ya ce awa bakwai alhali da hantsi kuka fita kuka dawo azahar, za ku ce ya sake lale.

Wanda ya shiga kwaleji kuwa, a saya masa kalkuletar kimiyya in ana iyawa, zai buƙace ta kafin BEPC da bayanta. Ranar da ya kawo ta gida, ku sa ya nemo maɓallin nan mai zobe da waƙafi, ya lissafa muku kuɗin hayar inji daga 6h40 zuwa 9h10 a kan jikka ɗaya kowace awa. Kafin ya danna komai, ya fara faɗa da baki. In baki da na'ura duka sun ce 2,500, ku bar masa lissafin garka na bana.